Dan Allah a duba abin da muke ɗura wa jarirai da masu jego da sunan magani

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, dan Allah a ba ni ɗan fili. Maganar tana da tsawo amma ka yi haƙuri kar ka datse ta, don ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, mafi yawan aikina a ɗakin yara na yi shi, kuma magana nake so in yi kan magungunan nan da muke haɗawa a gida, jiƙe-jiƙe da shafe-shafe da hayaƙi da tsaga. Babba in ya ga dama ya tsaya a tasha ya sayi gorar maganin basir ya ɗaga ya shanye, shi ya sani, ƙodarsa ce. Wanda nake ji wa shi ne jariri ɗan kwana uku da ba shi da bakin cewa a'a, sai uwarsa mai jego wadda ita tana da bakin amma kunya da tsoron surukai sun rufe shi. Su biyun nan suka fi kowa shan wahalar "a gwada wannan", kuma su ake kawo mana a ƙurarren lokaci, sai an gama gwada komai jiki ya saki sannan a fita neman a-daidaita da tsakar dare.

Cibiyar jariri ciwo ne a buɗe, hanya ce kai tsaye zuwa jininsa. Amma ka ga abin da ake sa mata, makilin, toka, gishiri, man zafi, garin magani, a wasu ƙauyukan har busasshen kashin shanu, ga gashi da tsumman da aka ɗora a kan kasko wanda Allah kaɗai Ya san inda tsumman ya kwana, duk don cibi ya faɗi kafin ranar suna. Ƙwayar cutar tetanos a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, mu da hannunmu muke kai mata yaron. Malam Edita duk wanda ya taɓa ganin jariri mai tetanos ba zai manta ba. Yaro lafiyarsa ƙalau yana shan nono, kwana biyar shida bakwai sai ya daina kamawa, uwar ta sa masa ya kasa buɗe baki, muƙamuƙi ya datse, fuska ta tattare, can sai jiki ya sandare ya banƙare, ƙofa aka buga ko fitila aka kunna sai ya sake sandarewa, shi ya sa muke ajiye su a ɗaki mai duhu muna takawa a hankali. A gida kuwa cewa za a yi iska ce ko baki ne ko mayya ta kama shi, a ƙara masa da hayaƙi. Da yawansu ba sa tashi. Alhali abin da zai hana wannan ba wani tsada gare shi ba, allurar tetanos ga mai ciki lokacin awo, sabuwar reza, wankakken hannu, da ɗan man cibiyar nan da ake bayarwa a asibiti, kulohekzidin. Shi ma a cibiya kawai fa, don an samu waɗanda suka ɗauka maganin ido ne suka ɗiga wa jarirai idon ya lalace, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kai a 2019.

Beli ya fi wannan ɗaga mini hankali. Wanzami zai zo da 'yar jakarsa, a danne yaro a buɗe baki a sa ƙarfe a yanko hakin wuya, wai in an bari zai yi tsawo ya toshe maƙogwaro ko ya fashe ya kashe shi. Babu ko ɗaya a ciki, duk duniya da belinsu suke yawo. Jariri duka jinin jikinsa bai wuce kofi ɗaya ba, kuma jinin beli ba waje yake fita ba balle a gani a tsorata, haɗiye shi yake yi, sai dai a ga yaro ya yi fari fat yana kashi baƙi. Ga ƙarfen da aka yi wa ɗan wani gida aiki da shi da safe aka goge a tsumma, ciwon hanta ta irin wannan hanyar yake yawo gida-gida. Abin mamaki mu da komai muke cewa sunna, akwai hadisi a Bukhari da Muslim inda Manzon Allah (SAW) ya hana mata azabtar da 'ya'yansu da danne musu maƙogwaro saboda ciwon wuya. Dannawa da yatsa aka hana, ina ga yanka da ƙarfe?

Akwai wata yarinya da aka kawo ɗanta ya yi fari, numfashi sama-sama, muna tambaya me aka yi masa uwar mijin tana rantsuwa wallahi ba komai haka kawai ya tashi. Sai da tsohuwar ta fita alwala yarinyar ta jawo gefen rigata ta ce a hankali, Sista jiya aka cire masa beli, an ce in na faɗa a bakin aurena. Da ba ta faɗa ba da muna can muna neman wata cutar daban. An samu an ƙara masa jini ya tashi.

To a nan nake ganin duk wayar da kan da ake yi yake zubewa a ƙasa. Wa muke tarawa ranar awo mu yi wa lacca? 'Yan mata masu cikin fari, 'yar sha bakwai sha takwas, ta zauna a benci ta ji komai ta gyaɗa kai, har waƙar ma ta haddace. Ranar da ta haihu kuwa ba ita ke da ɗan ba. Ko ta tafi wankan gida wajen uwarta ko uwar miji ta tare a ɗakin, ga ungozoma ga gwaggo ga maƙwabciya kowa da nata maganin, ita kuma ɗan fari ne ko sunansa ba ta iya faɗa don kunya balle ta ce kar a sa masa abu a cibiya. In ta motsa baki a ce boko ya ɓata ta, a kai ƙararta wajen miji. Mijin yana waje yana lissafin rago da goro, shi ne ma zai sallami wanzami. Wadda muka koya wa ba ta da iko, masu ikon kuma ba wanda ya taɓa kiransu ya zauna da su. In ka yi wa tsohuwa magana amsar ɗaya ce, mu ma da shi aka raine mu ga mu nan da ranmu. Gaskiya ne Hajiya ga ki nan, amma ki ƙirga mana 'ya'ya nawa mahaifiyarki ta haifa nawa suka girma. Sau da yawa sai ka ji goma ta haifa huɗu suka tsaya, sauran an ce wabi ne. Waɗanda aska da jiƙo suka tafi da su ba sa nan balle su ba da shaida.

Shawarar jarirai ma haka ake wasa da ita. Ido da fata su yi rawaya sai a ce a shanya shi a hantsi, a ba shi ruwan gulukos, a jiƙa ganyen gwanda a ɗura masa. Wata shawarar mai sauƙi ce tana wucewa da kanta, amma ido ba ya bambance ta da mai kisa sai an auna jini, in ta yi yawa ƙwaƙwalwa take hawa, ko yaro ya rayu a same shi kurma ko wuya ba ya tsayawa, ya shekara biyar bai zauna ba a ce ɗan ruwa ne. Kuma abin da mutane ba su sani ba shi ne kafur, fararen ƙwallayen nan da muke zubawa a akwatin kayan jariri, wasu har jiƙawa suke a ba yaro wai maganin ciwon ciki. Akwai yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini, likitoci na ce masa G6PD, irin waɗannan ko shaƙar kafur a jikin zani ta isa ta farfasa musu jini shawara ta taso gadan-gadan. Wa ya auna ɗansa ya san ba ya cikinsu?

Kwalli kuwa na san za a ce na cika fitina. Amma kwallin dutse mai ƙyallin nan da ake niƙawa, dalma ce a cikinsa. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun samu dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida ɗan asalin Najeriya, aka bi diddigi sai ga shi kwallin da aka kai daga gida ne ake sa masa, da aka auna shi sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani ba. Yaro zai murza ido ya kai hannu baki, kullum kaɗan-kaɗan, ba za a ga komai ba sai ya shiga makaranta a ce ba ya ganewa a yi ta dukansa.

Da ya fara gudawa kuma shikenan haƙori ne, a ba shi dauri. Lokacin fitowar haƙori shi ne lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki, ƙazantar ce ke sa gudawar. Ana zaune ana jiran haƙori ruwan jikinsa yana ƙarewa, maɗiga ta faɗa, sai a kwaɓa magani a manna masa a tsakar ka, alhali faɗawar maɗigar nan ita ce ke gaya maka ruwa ya ƙare. Zuma ma duk da albarkarta likitocin yara sun hana a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya, tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin babba ya fi ƙarfinta amma na jariri bai yi ƙwari ba.

Mu dawo kan uwar. Kwana arba'in ana wankan jego safe da yamma da ruwan da ya tafasa ana fyaɗa mata da ganyen darbejiya ko runhu, a wasu gidajen ta kwanta kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, ga kunun kanwa kwano-kwano wai ya kawo nono ya fitar da sanyi. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU a nan Zariya, Farfesa Parry da Dakta Davidson, suka lura matan yankin nan suna yawan zuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa, jiki a kumbure, haki, mace ba ta iya kwanciya sai dai ta kwana a zaune, suka danganta abin da gishirin da ke cikin kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano sun yi nasu binciken sun nuna akwai wasu dalilan kamar ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki, don haka ba zan ɗora wa kanwa duka laifin ba. Amma dai macen da ta haihu da hawan jini ƙafafu a kumbure, ka ɗora mata kanwa ta kwana arba'in, wannan ko ɗalibar jinya 'yar aji ɗaya ta san ganganci ne. Kuma kumburin da ya kamata ya tayar da hankali shi ake yi wa murna, a ce jego ya karɓe ta ta yi ƙiba. Ban da ƙuna, mun sha ganin cinyoyi da gadon baya sun saɓule saboda ba a sirka ruwan ba, tana kuka ana ce mata raguwa. Yankan gishiri ban ma so in buɗe shi, naƙuda ta yi tsawo a sa reza a makance a huda mafitsara. Doguwar naƙuda ce babbar mai jawo yoyon fitsari amma yankan nan ma ya kai mata asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina, mai shakka ya je ya tambaya.

Sauran in na ce zan bi su ɗaya-ɗaya jaridar ba za ta ɗauka ba. Yaro ya sha kananzir da aka zuba a robar lemo sai a ɗura masa manja a sa masa yatsa ya yi amai, aman nan shi ke kai kananzir cikin huhu ya koma limoniya. Ƙuna a fasa ƙwai a shafa makilin ko baƙin mai, alhali ruwan sanyi kawai ake so a yi ta kwararawa kamar minti ashirin. Yaro na jijjiga a cusa masa cokali a baki a kara ƙafarsa a wuta a ɗura masa ruwa yana sume ya shaƙe, maimakon a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Apolo a ɗiga fitsari ko ruwan batir, garin neman gira a rasa ido. Kububuwa ta sari mutum, dafinta hana jini daskarewa yake, sai kuma a yi masa tsaga a ɗaure ƙafar tamau, je ka asibitin masu saran maciji na Kaltungo ka ji labari. Ɗori in aka ɗaure hannun yaro yatsu suka kumbura suka yi sanyi suka fara baƙi yana ihu cikin dare ana cewa ƙashi ne ke haɗewa, to jini ne ya daina zuwa, ƙarshenta sai asibitin ƙashi na Dala a Kano a yanke hannun.

Na san abin da ke kai mutane ga jiƙo. Kati kuɗi, gwaji kuɗi, gado kuɗi, safar hannu ma sai ka saya, ga kuɗin mota daga ƙauye, shi kuwa mai magani abin da ya sawwaƙa zai karɓa ko ya ce sai ka warke. Asibitin ƙauye ka je bayan azahar ka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ga wasu ma'aikatan da bakinsu ya fi allurarsu zafi, mace ta zo da yaro a hannu a fara da zaginta me ya sa sai yanzu, gobe ba za ta dawo ba. Sannan ba a manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu wasu suka nakasa. Ga My Pikin a 2008, maganin haƙori na kemis da ya lalata ƙodar yara ya kashe aƙalla 84, har nan Zariya an kwantar da su. Na bature ma yana kisa, sosai ma. Sai dai shi My Pikin an gano shi, an auna an ga gubar da ke ciki, an kwashe shi daga kasuwa, a 2013 kotu a Legas ta ɗaure mutum biyu na kamfanin shekara bakwai-bakwai. Jiƙon da aka haɗa a bayan ɗaki ko aka saya a gorar ruwa ba suna ba kwanan wata, in ya kashe yaro wa za a kama? Ko rubuta shi ba a yi a ko'ina, a yi masa wanka a kai shi, baɗi a ba ƙaninsa irinsa.

Itatuwa kam akwai magani a cikinsu. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya daga Oyo a shekarun 1990 ta fitar da Niprisan na masu sikila, cikin kayan haɗinsa har da karan dafi da kanumfari da masoro, abubuwan da kowace Bahaushiya ta sani. Amma shekaru aka yi ana aunawa, nawa ke amfani nawa ke illa. Mu kuwa awonmu shi ne a jiƙa a sha a yi wanka, kofi nawa? har zuwa yaushe? na ɗan wata uku da na ƙaton namiji duk ludayi ɗaya. Yanzu ma an ƙara lalata abin, ana dafa darbejiya a watsa farasitamol a ciki, ana markaɗa ƙwayoyin bature na ciwon jiki ko na ƙarfin maza a zuba a gora a ce gadon kaka ne, mutum ya sha ya ji garau ya ce gargajiya ta yi aiki, can gaba a ji shi ana wankin ƙoda. Ruwan gishiri da sukari ma ai maganin gida ne, ya ceci yara masu gudawa ba adadi saboda yana da awo, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta wato ledar fiya wata biyu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe ba tozo, rabin cokali na gishiri. Ka cika gishirin nan ka ga yadda zai koma guba.

Ai mun gani a watan Agustan 2014 lokacin Ebola. Da asuba wayoyi suka yi ta ƙara, a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a sha kafin gari ya waye, masu digiri da marasa shi duk aka yi. Cutar kanta a Legas da Fatakwal ta tsaya, mutum 20 ta kama 8 suka rasu, ba ta leƙo Arewa ba, amma ruwan gishiri ya kashe aƙalla mutum biyu ya kwantar da wasu da dama. Yau kuma kowa likita ne a TikTok da guruf-guruf na WhatsApp, mutum ya sa farar riga ko ya naɗa rawani ya jera robobi a bayansa, magani ɗaya yana warkar da suga da hanta da rashin haihuwa da sammu, a ƙasa ga lambar akawun. In ka yi magana su nuna maka lambar NAFDAC. Jama'a su sani lambar da ake ba irin waɗannan magungunan, mai ƙarewa da harafin L, ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka lissafa, dubawa aka yi ko yana cutarwa kawai, shi ya sa ake rubutawa a jikin kwalbar da ƙananan haruffan Turanci cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba, wanda ba mai karanta wa mai saye.

Ga roƙona Malam Edita. Ku tura wakilinku ya sayo gorunan nan na tasha da na bakin masallacin Juma'a a kai ɗakin gwaji na jami'a a auna, a buga sakamakon da Hausa kowa ya gani. Ku buɗe fili ko rabin shafi ne duk mako likitan yara ya riƙa amsa tambayoyi, a kuma naɗi muryarsa a tura a WhatsApp tunda kakannin da nake magana a kansu ba jarida suke karantawa ba, jikoki ne za su kunna musu. Tallan mai magani ɗaya cuta arba'in ku daina karɓa ko nawa zai biya. Malamanmu su taimaka da hadisin nan na Abu Dawud da ke nuna wanda ya yi wa mutum magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba to alhakin abin da ya faru yana wuyansa, a karanta shi a wajen suna inda tsofaffi da mazaje suke. Sarkin Aska na kowane gari a gayyato shi cikin mutunci a nuna masa abin da muke gani bayan yaransa sun tattara kaya sun tafi, wanzamai sun fi jin maganarsa da ta kowane likita.

Magidanta kuma, kai ne uban ɗan, kai kaɗai za ka iya cewa Inna a bar cibiyar nan haka a ƙyale ka, to ka shiga ɗakin ka duba da idonka. In jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko ido ya yi rawaya, ko cibiya na wari tana ruwa, ko mai jego na haki ƙafa a kumbure ko jini ya ƙi tsayawa, ba a kwana da waɗannan a gida, a ɗauko su a taho ko ƙarfe nawa ne, a haɗo da duk abin da aka riga aka ba su a leda mu gani, kar a ɓoye mana.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya,
daga Zariya, Jihar Kaduna.